Yadda Babur Ɗina Ya Zama Raƙumi

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a, yaya kuma ciwon bayan nan da ka ce yana taso maka in ka daɗe a zaune? Allah ya yaye maka shi, ya ƙara lafiya da nisan kwana mai amfani. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maman yara ta warware daga murar da ta kwantar da ita. Mai Sunan Baba ya samu shiga aji na gaba, duk da wasan da ya fi ƙarfin karatunsa. Ummi kuwa ta fara haƙora, ba abin da ya tsira daga bakinta, har igiyar takalmina. Gwaggo ta zo ta yi mana kwanaki, ƙafar da sauƙi, bakin kuma yana nan yadda ka san shi. Baba yana nan garau, ya ma fi ni lafiya, kuma a kansa ne na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya kamar kullum. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka yanke hukunci, haka kake tun muna yara. Ga shi kuma Baba, da ake cewa kunnensa ya yi nauyi, ba abin da ke wuce shi in dai maganarsa ake yi. Saƙonka ya iso. Na ga ka gyara masa ɗaki, ka ce in haɗa masa kaya in sa shi a mota ƙarshen watan nan ya koma wurinka da zama, tarkacen da ya tara kuma in kira masu sayen ƙarafa su kwashe. Ni na roƙe ka hakan, ban manta ba, da bakina na ce ka zo ka ɗauke shi tun kafin in haukace. To amma ka yi haƙuri ka ji labarin tun daga tushe, domin rabinsa kawai ka ji, shi ma cikin ihu.

Ka dai tuna yadda ya koma bayan ya rufe shagonsa na gyaran rediyo. Ido ya ƙi, ba ya iya ganin ƙananan wayoyin nan balle ya ɗiga musu dalma, mutane kuma sun daina kawo gyara, abu ya lalace sai a jefar a sayi sabo. Sai ga rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, ta zo ta haɗu da wannan. Ya yi watanni a kan kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinsa, hannuwa a kan gwiwa, in ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba shi ke nan. Saboda haka ranar da na dawo daga makaranta na tarar ya shimfiɗa buhu a filin da ke bayan gidanmu yana lanƙwasa cokula da filaya, murna na yi ba kaɗan ba. Wani zakara ya haɗa. Jikin tsohuwar butar shayin Inna ce wadda gindinta ya huje, jelar cokula ce, ƙafafun ƙarfen lema, zankon kuwa jan murfin filas. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse cara zai yi. Na yaba, na ƙara yabawa, har na ce ai Baba sai ka yi wani. Da na san abin da wannan maganar za ta jawo mini, da na haɗiye ta da yawu.

Yau bayan gidanmu ba inda za ka sa ƙafa. Ga kaji na gwangwanin madara, ga wata akuya da ya yi da injin fanka da ƙafafun kujera, ga wani kada mai tsawon tabarma wanda duk bayansa murafan kwalba ne. Tsuntsayen ƙarfen lema kuwa sun fi ƙarfin ƙirga, ya rataye su a jikin katanga da reshen bishiya, in iska ta taso sai su yi ta ƙara kamar ana wanke kwanuka. Maman yara sai ta yi kewaye kafin ta kai ga igiyar shanya, kuma kadan nan ya riga ya yaga mata zanen da ta fi so. Mutum ne kawai ba ya yi, ya ce shi ba ya ƙera mai fuskar ɗan Adam, kada a wayi gari a ce gunki ya ajiye da tsufansa. Duk da haka Gwaggo da ta leƙa bayan gidan sai ta dafe ƙirji, ta ja ni gefe ta ce wannan ba lafiya ba, in kai ɗan'uwanta a duba masa kai tun wuri. Na kai shi. Likita ya yi masa tambayoyi iri-iri, ya tambaye shi sunayen jikoki, ya sa shi lissafi, ya amsa tsaf ba gargada. Da aka gama sai shi ma ya ce yana da tambaya, wai wani karyayyen keken marasa lafiya da ya hango an yar a bayan ɗakin magani, ko suna da buƙatarsa? Likita ya yi dariya, ya ce lafiyarsa ƙalau, in bar shi ya yi abin da ke sa shi tashi da safe. Na shiga asibiti da uba, na fito da uba da tayar keke a kafaɗa.

Unguwa kuma ba ta ɓata lokaci ba wajen gano mu. Duk wanda ya ji ƙyuyar zuwa juji sai ya lallaɓo ya ajiye mana fasasshen bokiti ko tsohon risho a ƙofar gida, ya ɗaga murya ya ce na Baba ne. Shi kuma ya fito ya karɓa da hannu biyu, har da sa albarka. Ni malamin makaranta, mai hana yara jefar da takarda a aji, kullum sai na tsallake tarkace nake fita daga gidana. Ɗalibaina ma sun daina kirana da sunana, sai dai ka ji suna cewa malam na gidan kada.

Duk wannan da sauƙi, Yaya. Abin da ya fi ƙona mini rai ita ce ƙa'idarsa. Baba ba ya sayen komai, kuma a faɗarsa ba ya taɓa abu mai rai, da matattu yake aiki. Sannan ba shi ke yanke hukuncin mutuwa ba, mai abu ne. Da zarar mai abu ya buɗe baki ya ce abinsa ya mutu, to an gama, gawa ta zama tasa. Wai haka ya yi shekara da shekaru a shago: wanda ya ce a duba masa, a duba masa, wanda ya ce ta mutu ya tafi ya bar ta, an samu kayan gyara. Kai kuwa ka san bakinmu. Agogo ya tsaya don batir ya ƙare, mu ce ya mutu. Tocila ta dushe, ta mutu. Agogon bangon falo, wannan da ka aiko mana, batir kawai yake so. Maman yara ta ɗaga kai ta ce af, agogon nan ya mutu, ta shige kicin. Kafin yamma ya zama idon mujiya. Dutsen guga ma wayarsa ce ta ɗan tsinke, ni na yi suɓutar baki a kansa, ya koma kunkuru, na yi ta zuwa aji da riga a yamutse kamar an ƙwato ni daga bakin kura. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce shi bai saci kayan kowa ba, a tambayi mai abu me ya faɗa.

Sai Maman yara ta kawo dabara, ta ce daga yau a daina kashe abu a gidan nan. Tun daga ranar fanka ba ta mutuwa a wurinmu, suma take yi. Rediyon kicin jinya yake. Risho ya ɗan kwanta, famfo yana hutawa. Har yara suka koya. Rannan wani abokin aikina ya zo, wayarsa ta ɗauke, Mai Sunan Baba ya ce masa ya yi shiru kada Kaka ya ji, suma ce ta yi, a ba ta caji za ta farfaɗo. Mutumin ya yi ta dubana kamar ni ne ya kamata a kai wa likita. Baba yana jin mu sarai, sai dai ya yi murmushi ƙasa-ƙasa ya ce Allah ya ba marasa lafiya lafiya, in kuma ta Allah ta kasance a sanar da shi. Haka muka zauna lafiya har na fara sakin jiki. Ashe kukan targaɗe nake yi, karaya na nan tafe.

Babur ɗina, Yaya. Ka san shi, ka kuma san ba ni da wata ƙafa sai shi, makarantarmu tana can ƙarshen gari. Ana gobe zan tafi aikin duba takardun jarrabawa a wani gari, ina dawowa daga kasuwa ya tsaya mini a tsakiyar titi, rana na dukan ƙeya, motoci na ta danna mini hon. Na buga kiki har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Haka na turo shi tun daga gada har gida, gumi har cikin takalmi. Ina shigowa na tarar da Baba zaune a kan buhunsa, ya ɗago kai ya tambaye ni ko lafiya. Ni da haushi ya rufe wa ido, na manta da suma, na manta da jinya, na ce masa ya mutu. Sai ya ajiye filaya, ya sake tambaya a hankali kamar mai karɓar shaida, ya ce, "Ya mutu?" Na ce, "Murus, Baba." Na jingina shi a jikin katanga na shige wanka, niyyata in na dawo daga tafiya in kai wa makaniki. Baki dai shi ke yanka wuya.

Da na dawo bayan 'yan kwanaki, tun daga ƙofar gida na ga yaran unguwa sun yi cincirindo suna leƙe. Na kutsa na shiga, sai na yi kiciɓis da raƙumi a tsaye a bayan gida, ya kusa kai ni tsawo. Na tsaya ina kallonsa, ina jin kamar na san shi a wani wuri. Sai na gane tankin mai, shi ne tozo, har da ɗan lotsawar da ya yi ranar da na faɗi a kwana. Salansa ta zama wuya, fitilar gaba kai, madubai kunnuwa, ƙarafan gaba da na baya ƙafafu, sarƙa kuma aka yi akala da ita. Ko kujerar da nake zama bai bari ba, ya ɗora masa ita a baya. Abokinsa mai walda na bakin titi shi ya ɗauko injinsa ya zo har gida, wai kyauta, don zumunci. Na juya kan Maman yara na ce ita tana ina aka yi wannan ɓarna? Ta ce ita ta zaci gyara suke yi, har shayi ta yi ta kai musu tana yi musu sannu da aiki, ba ta farga ba sai da ta ga abu ya miƙe a kan ƙafafu huɗu. Ta ƙara da cewa kada in ga laifinta, tana kicin ta ji ni da kunnenta na ce murus. Na ruga na kirawo makaniki ko da abin da za a ceto. Ya zagaya raƙumin, ya shafa wuyansa, ya ce da alama fulogi ne kawai ya ba ni matsala, amma yanzu kam sai dai in nemo masa ciyawa.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Raƙumin ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Kai a ɗage, leɓe a sake, ga irin kallon rainin nan da raƙumi ke yi wa mutane, kuma ni yake yi wa. Da ya fito a karkace ko da muni, da na samu abin riƙewa. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ban zage shi ba, Allah ya kiyaye, amma na ce gidan ya ishe ni, ya mayar da mu abin dariya a unguwa, ya kuma karya mini ƙafa. Na fita ƙofar gida na kira ka, sauran kuma ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne duk abin da na faɗa maka a kunnensa na faɗa, domin tagarsa a buɗe take.

Washegari ya naɗe buhunsa, ya zuba filaya da guduma da sauran kayan aikinsa a tsohon akwatinsa na shago, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya koma kan kujerar roba. Da saƙonka ya zo na karanta masa, na yi ta ƙawata masa shi: ɗaki mai tsabta, talabijin nasa shi kaɗai, asibiti kusa, jikoki a gefe. Ya ce to, Allah ya yi mana albarka. Ya tambaya ko akwai tsakar gida, na ce a'a, bene ne, a can sama kake, amma akwai ɗan baranda. Ya tambaya shara fa, ina ake zubarwa? Na ce a leda ake ɗaurewa, mota ta zo ta kwashe, ko tsinke ba ya kwana. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, wuri mai tsabta.

Gida ya yi tsit. Ba zan ɓoye maka ba, da farko daɗi na ji, na yi barcin rana ba ƙarar guduma, na ce ashe haka duniya take. Amma daɗin bai je ko'ina ba. Abinci sai ya ci rabi ya ture. Mai walda ya zo hira, ya zauna ya gaji ya tafi. Maƙwabta suka kawo wata tsohuwar fanka, ya ce su kai juji. Hannuwan nan suka koma kan gwiwa, daidai yadda suke bayan rasuwar Inna. Ana cikin haka rediyon kicin da ya daɗe yana jinya ya cika da gaske, har da hayaƙi. Maman yara, wadda ita ta kafa dokar suma, ta ɗauko shi ta je ta tsaya a gaban kujerarsa, ta ɗaga murya ta ce wa iska rediyon nan fa ya mutu, ya mutu murus. Ko juyowa bai yi ba. Ta dawo kicin tana share ido da bakin mayafi, ta ce mini in dai wannan ne zaman lafiyar da nake nema, to ga shi nan na samu, in ci in ƙoshi.

Shekaranjiya na dawo daga makaranta a ƙasa, ƙafa duk ta yi bororo, sai na tarar da amalanke a ƙofar gida, ga mai sayen ƙarafa da sikelinsa. Ba ni na kira shi ba. Baba ne ya aika aka kirawo shi, wai kada ya tafi ya bar mini wahala. An riga an loda kaji da akuya, tsuntsayen kuwa mutumin tattake su yake yi da ƙafa don su shiga buhu. Kadan an karya shi gida biyu. Ina cikin duba ɓarnar sai mutumin ya shige bayan gida, na bi shi na tarar ya ɗaura wa raƙumi igiya a wuya, ya ɗaga guduma zai karya masa ƙafafu. Ban san lokacin da na yar da jakar takardu na riƙe masa hannu ba. Na ce ya sake shi, babur ɗina ne. Ya dube ni, ya dubi raƙumi, ya ce shi dai ƙarfe yake gani, kuma tsoho ya gaya masa duk abin da ke nan matattu ne. Na daka masa tsawa na ce wa ya ce masa ya mutu? Sai na ji muryar Baba daga kan kujera, a sanyaye, ya ce, "Kai ka faɗa." Sannan ya juya wajen mutumin ya ce, "Ɗan nan, ci gaba da aikinka. In ka gama da su sai ka ɗora ni a sikelin, ni ma an ce a kwashe."

Mutumin ya fara dariya, ya zaci wasa ne, da ya dubi fuskar Baba sai dariyar ta maƙale. Ni kuwa, Yaya, kunya ce ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa, na ji zuciyata ta karye. Mutumin da ya yi ta ɗiga dalma har idonsa ya ƙare don mu yi karatu, yau shi ke ganin mun ci moriyar ganga mun ya da kwaurenta. Kuma ba ƙarya ya yi ba, a takarda ɗaya aka yi maganar tafiyarsa da ta kwashe tarkace, ni na karanta masa da bakina. Na ce wa mai ƙarafa ya sauke komai. Ya yi ta mita, wai an ɓata masa yini, wai gidan nan ba a san mai faɗa a ji ba. Na ce ya yi haƙuri, ni ma ban sani ba. Da kaina na yi ta jidar kaji ina mayarwa, a gaban ɗalibaina da suka taru suna kallo, akuyar nan kuma ta faɗo mini a kan babban yatsa, har yanzu farcen baƙi ne.

Da aka watse na je na durƙusa a gaban kujerarsa na ba shi haƙuri. Can ya ce a da mutum zai shigo shagonsa da rediyo a hammata, fuska a murtuke, ya ce ta mutu, shi kuma ya buɗe ta ya taɓa nan ya taɓa can, sai ta yi magana, mutumin ya fita yana washe baki. Ya ce tun da ido ya hana shi wannan, bai sake jin shi wani abu ne ba sai ranar da butar Inna ta miƙe ta zama zakara. Ya ce maganar babur kuma shi ma ta dame shi, ya san ya yi gaggawa, in yafe masa. Har hawaye sun taru mini, sai ya ƙara da cewa gaskiya dai ya daɗe yana kallon tankin nan, duk safiya in na fito da shi tozo yake gani. Ka ji fa, Yaya. Wato duk watannin nan ina hawa babur ɗina ina fita, uban da ya haife ni yana zaune yana jiran ya cika. Ban san ko in yi kuka ko in sake yin ihu ba, sai na tashi na shiga ɗaki na janyo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado na dire masa a gabansa.

Saboda haka ga amsata: Baba ba zai zo ba. Ka yi haƙuri da ɗakin da ka gyara, na san da zuciya ɗaya ka yi, kuma ni na tayar maka da hankali. Ka ba matarka haƙuri ita ma, na ji har labule ta sauya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma ka zaci na zama waliyyi, har yanzu ina jin haushi, kullum na wuce raƙumin nan sai na yi tsaki. Mun dai yi sabuwar yarjejeniya: na ajiye ganga a bayan gida, abin da na jefa a ciki da hannuna shi kaɗai ne nasa, ko da kuwa duk gidan sun taru sun yi wa abu salati. Ya amince da wani irin sauri da bai kwanta mini ba, na kuma lura ya fara yi wa injin markaɗen Maman yara wani irin kallo. Ƙofar gida za ta ci gaba da zama juji, Gwaggo za ta ci gaba da dafe ƙirji, ni kuma zan ci gaba da tafiyar ƙasa har Allah ya hore wani babur, wanda in ya samu a gidan mai walda ma ba zan bari ya kwana ba, balle nan.

Duk na yarda zan ɗauka. In ka ɗauke shi, za ka samu tsoho mai tsabta zaune a baranda, ba hayaniya, ba tarkace, ba wanda zai yi maka dariya a unguwa, kuma ina tsoron ba zai daɗe maka ba. Na ga wannan zaman nasa da idona, na sake ganinsa, ba zan iya aika maka shi ya je ya ƙarasa shi a inda ko ƙusa ba zai tsinta ba. Yanzu haka da nake rubutun nan yana bayan gida shi da mai walda suna ɗinke bayan kada, tun safe ake buga ƙarfe, kaina kamar ya tsage. Ɗazu ya ƙwala wa Maman yara kira yana tambayar ko akwai sauran abinci, wai wanda aka ba shi bai ishe shi ba. In kana son ganinsa ka zo ka gan shi a nan, ka taho da takalmi mai kauri. Ka bar mana shi.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da Babban Yaya na gidanka, da 'yan biyu, da Auta, ka ce Baffansu yana sa musu albarka, su dage da karatu. In ka haɗu da Kawu ka miƙa masa gaisuwata, amma kada ka ba shi labarin raƙumi, ka san shi, kafin ya iso nan ya zama giwa. Maman yara tana gaishe ku, Mai Sunan Baba da Ummi suna gaida 'yan'uwansu, Gwaggo ma ta bar saƙon gaisuwa kafin ta tafi. Baba ya ce in gaya maka ya gode da ɗaki, Allah ya yi maka albarka, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Allah ya jiƙan Inna, ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
mai rubuto maka da ƙafafu a cikin bahon ruwan ɗumi.